Ranar da oda ta shigo ni sarki ne, ranar da mota ta lalace ko tuwo ba na iya ci

Assalamu alaikum Kawu. Ni haifaffen Agege ne, shekarata 31, ina da mata da 'ya ɗaya. Shekara biyu ke nan da na ajiye aikin banki, ni da wani abokina muka kafa ƙaramin kamfani. Muna da manhajar da masu gidajen abinci da otal-otal ke yin odar tumatir da attarugu da albasa, mu kuma mu sayo wajen manoma a Kano da Kaduna, mu kai musu har ƙofa a kwandunan roba. Ma'aikatanmu 7. Jarin farko Hajiyata ce ta sayar da filinta ta ba ni, surukina ya ƙara wani abu.

Matsalata zuciyata ce. Ranar da babbar oda ta shigo, ko wani mai zuba jari ya ce mu zo mu gana, sai in ji duniya a tafin hannuna take, har in fara lissafin buɗe ofis a Abuja. Washegari mota ta lalace a hanya kaya su ruɓe, ko wanda ya yi mana alkawarin kuɗi ya daina ɗaga waya, sai in kwana ido biyu, ƙirjina na dukan uku-uku, ina jin na cuci mahaifiyata. Matata ta ce na zama baƙo a gida, abu kaɗan in hau ta da faɗa. Ba ta san kuɗin da ya rage mana bai wuce albashin wata 4 ba. Hajiya in ta tambaya sai in ce kasuwa sai godiya. A masallaci abokai “Ɗangote” suke kirana. Na gaya wa wani malami, ya ce in ƙara tawakkali. Kawu, raunin imani ne ke damuna, ko dai ban dace da harkar ba? In rufe in koma aiki?

Ɗanka, daga Agege

Wa'alaikumus salam ɗana.

Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma duk karantawar a wuri ɗaya nake tsayawa: inda ka ce matarka ba ta sani ba, Hajiya ma ba ta sani ba. Ka ɗauka hawa da saukar ne ke cin ka. Ni a ganina abin da ke cin ka shi ne ɓoyon. Amma bari in fara sauke maka maganar imani, don na ga ta tsaya maka a wuya.

Baƙin ciki ba shaidar raunin imani ba ne. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufa har idanunsa suka yi fari, yana nan cikin Alƙur'ani, kuma babu wanda ya isa ya ce ba shi da tawakkali. Shekarar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suka sa mata suna. Malamin da ya ce ka ƙara tawakkali bai faɗi ƙarya ba, rabin amsar ya ba ka. Mutumin da albashin gida bakwai ke wuyansa, da filin uwarsa a ciki, in ya ce maka yana barci kamar jariri, to ka binciki amanarsa. Rashin barcin nan naka daga jin nauyin amana ya taso. Sai dai ya wuce gona da iri, shi ya sa za mu yi maganinsa.

Ka kuma dubi irin hajar da ka zaɓa. Tumatir ba atamfa ba ne da za a jibge a shago a jira kasuwa. Daga Kwanar Gafan ko Kadawa a Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, ta Kaduna, ta Mokwa da Jebba, ta Ilori da Badun, kuma kowace awa da mota ta yi a tsaye kuɗi ne ke narkewa a cikin kwando. Da rani, lokacin da noman fadama ya nuna, kaya su yi yawa har a rasa mai saye. Da damina ta kankama su yi tsada kamar zinariya. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina, farashi ya yi tashin gwauron zabi a ƙasar nan baki ɗaya. A farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, 'yan kasuwar Arewa suka dakatar da kawo abinci Kudu na wasu kwanaki, kaya na ruɓewa a can, a nan ana nema ido rufe. Dillalan da suka yi shekara 30 a Mile 12 sun ga duk wannan, shi ya sa ba ka ganin suna rawa ranar riba ko suna birgima ranar asara. Wata rana zuma, wata rana maɗaci, sun sha kowanne har harshensu ya saba. Kai shekara biyu kawai ka yi, kuma daga banki ka fito, inda ko kasuwa ta ci ko ba ta ci ba alat zai shigo ƙarshen wata. Jikinka bai gama koyon wannan rayuwa ba.

A kan wannan kuma sai ka ɗora wata kasuwar, ta masu zuba jari, wadda ita ma tana da rani da damina. Lokacin da Zuckerberg mai Facebook ya zo cibiyar fasaha ta CcHUB a Yaba a 2016, da lokacin da kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Najeriya, a 2020 kan kuɗin da aka ce ya haura dala miliyan 200, samari da yawa a garin nan sun ɗauka in ka yi manhaja dala za ta biyo ka har gida. Daga 2022 babban bankin Amurka ya shiga ƙara kuɗin ruwa, masu kuɗi suka ga ajiya a can ta fi musu kwanciyar hankali, suka janye hannu daga ƙananan kamfanoni a ko'ina. Mu kuma a gida aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara. Kamfanin binciken lafiya na 54gene, da ya tara miliyoyin daloli daga masu zuba jari, ya rufe a 2023. Kafin nan, a Fabrairun 2020, sanarwa ɗaya ta gwamnatin Legas ta hana acaba a manyan sassan gari, kamfanonin haya da babur irin su Gokada suka wayi gari dole su sake sana'a, 'yan uwanmu da yawa kuma suka rasa abin yi. Ina kawo maka wannan ne don ka gane cewa mutumin da ya daina ɗaga wayarka, sau da yawa ba kai ya auna ya ga ba ka kai ba. Shi ma nasa masu kuɗin sun daina ɗaga tasa.

Yanzu ga inda nake so ka tattara hankalinka.

Ni ma na taɓa yin abin da kake yi. Ina da mota biyu masu ɗauko albasa, ɗaya ta kife da kaya, kuɗin mutane a ciki. Wata huɗu ina fita da safe da wankakkiyar riga, ina dawowa ina cewa lafiya lau. Uwargida ta ga na rame, ta ga ina tashi tsakar dare ina zagaya tsakar gida, sai ta ɗauka aure nake nema. Ranar da jiri ya kayar da ni aka kai ni asibiti aka ce hawan jini ne, ranar ta ji gaskiya, daga bakin wani kuma, ba nawa ba. Asarar motar ba ta ɓata mata rai ba kamar yadda ɓoyon ya ɓata mata. Har yau in na tuna fuskarta a bakin gadon nan sai in ji nauyi a ƙirjina.

Abin da na koya shi ne, mai ɓoyo aiki biyu yake yi. Da rana yana fama da kasuwa, da dare yana gadin asiri. Kowane mummunan labari sai ya zo maka da tsoro biyu, na asara da na tonuwa. Kowane labari mai daɗi kuma sai ya ɗaga ka fiye da ƙima, saboda a ranka cewa kake yi, shi ke nan, na tsira, ba za su taɓa sani ba. Wannan ne ya sa murnarka ke wuce iyaka, faɗuwarka ma ke wuce iyaka. Lissafin ofis a Abuja da kake yi ranar da oda ta shigo, ba buri ba ne zalla, numfashin wanda aka ɗaga wa ƙafa ne. In ka cire asirin, odar za ta koma oda, lalacewar mota ta koma lalacewar mota.

Saboda haka ka fara da matarka, cikin makon nan. Kada ka yi ranar da ka dawo a fusace, kuma kada ka jira ranar da aka biya ku don ka zo da labari mai zaƙi. Bayan isha, yarinya ta yi barci, ka ajiye waya a wani ɗakin. Ka gaya mata adadin, wata 4, da bakinka. Ka ce mata faɗan da kake yi mata ba laifinta ba ne, ka nemi gafararta. Kada ka ce mata ta kwantar da hankalinta komai zai daidaita, don ba ka da tabbacin haka. Wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta yi fushi na kwana biyu, haƙƙinta ne. Amma ka sani ta riga ta san akwai abu, sunansa ne kawai ba ta sani ba, kuma abin da take zargi a ranta zai iya fin gaskiyar muni. Daga nan ku zauna ku ware kuɗin gida, haya da cefane da makaranta, daga kuɗin kamfani. Ka yanka wa kanka albashi ko kaɗan ne, ya riƙa shiga gida a kan lokaci. Mai kamfanin da tukunyar gidansa ke jiran sai kwastoma ya biya ba zai taɓa yanke shawara da sanyin kai ba.

Maganar Hajiya da surukinka ta fi wuya, kuma akwai tambayar da nake zargin ba a taɓa yi ba tun farko: kuɗin nan rance ne, ko jari, ko kyauta? Mu Hausawa mukan bar irin wannan a dunƙule saboda kunya, sai ranar da abu ya ɓaci kowa ya fito da nasa fahimtar. A fiƙihu bambancin a fili yake. Rance ana biyansa ko an ci riba ko an faɗi. Amma in mutum ya ba ka dukiya ka juya ku raba riba, abin da malamai ke kira ƙiradi, bankunan Musulunci kuma ke kira mudaraba, to in asara ta zo ba da sakaci ko ha'inci ba, mai dukiya ne ke ɗaukar asarar dukiya, mai juyawa ya tafi da asarar wahalarsa. A dokar ƙasa ma, in kun yi wa kamfanin rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a matsayin mai iyakantaccen alhaki, kamfanin daban yake da kai, bashinsa ba ya zama naka sai in ka sa hannu ka tsaya masa da kanka. Ba ina koya maka hanyar zille wa mahaifiyarka ba ne, Allah ya kiyaye. Na san ko da malamai goma sun ce ba ka da alhaki, kai za ka so ka mayar mata da filinta, kuma haka ɗan halak yake. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin “ina fatan in saya wa Hajiya fili in Allah ya hore” da “na cuci uwata”. Na farkon buri ne da mutum zai iya ɗauka shekara goma yana tafiya. Na biyun hukunci ne da ka yanke wa kanka ba tare da an yi shari'a ba, kuma shi ke hana ka barci.

Ka je wajenta da kanka, ba ta waya ba. Ka gaya mata abin da aka yi da kuɗin, abin da ya yi kyau, abin da ya ɓaci, da abin da ya rage. Uwar da ta sayar da fili don ɗanta ta san kasuwa tana ci tana ƙi ci, ta girme ka a wannan sanin. Surukinka kuwa ka kai masa a rubuce, shafi ɗaya, kuma ka mayar da shi al'ada duk bayan wata uku. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara su ji daga gare ka tun akwai sauran wata 4 da su ji daga bakin 'yan unguwa bayan an rufe ofis.

Ka tambaye ni ko ka rufe. Ba zan ce maka e ko a'a ba, don ban ga littafinku ba, kuma kai ma ba ka cikin halin da za ka amsa wannan da ƙarfe uku na dare. Abin da zan ce shi ne ku sa wa tambayar rana da ma'auni. Kakanninmu fatake da ke tafiya Gwanja sayen goro watanni suke yi a hanya, kuma madugu ba ya tsayar da ayari a tsakiyar daji don a sake shawarar ko za a koma gida duk lokacin da jaki ya faɗi. Sai an sauka zango ake ƙirga dabbobi da guzuri a yanke magana. Kai kuwa kullum sau biyar kake zaman yanke wa kamfaninka hukuncin rai da mutuwa. Ka zauna da abokin kafawarka, ku rubuta a takarda: nan da ƙarshen wata na biyu, in kwastomomin da ke dawowa duk mako ba su kai kaza ba, in ribar da ke kan kowane kwando bayan an cire kuɗin mota da ruɓaɓɓe ba ta kai kaza ba, za mu rage ma'aikata, ko mu tsaya kan albasa da busasshen barkono da ba sa saurin lalacewa, ko mu rufe tun muna da abin sallamar mutane da mutunci. Na ce wata na biyu da gangan. Wanda ya jira sai asusu ya bushe ba shi ke rufe kamfani ba, kamfanin ne ke rufe shi, da bashin albashi a kansa. Tsakanin yau da wannan rana, in tunanin rufewa ya zo maka da dare, ka ce masa ranarsa na nan tafe. Lissafin kuɗi kuma ka ware masa yini ɗaya a mako, ka bar leƙa asusu duk bayan sallah.

Ban ji ka ambaci abokin nan naka ba sai sau ɗaya, abin ya tsaya mini a rai. Ko dai shi ma kana yi masa fuskar shanu, shi ma yana yi maka? Ka tambaye shi yadda yake barci. Ka kuma nemi mutum biyu ko uku masu irin wannan fama, ko a Yaba ko cikin dillalan Mile 12, ba lallai Hausawa ba, waɗanda za ka iya cewa “wannan watan ya yi mini zafi” a gabansu ba tare da labarin ya riga ka isa Agege ba. Masu kiranka Ɗangote ba mugunta suke yi ba, amma ba su ne za su ɗauki wannan kaya ba. Shi kansa mai sunan, matatar man da ya sanar a 2013 sai a 2023 aka ƙaddamar da ita a Lekki, ta fara aiki a 2024.

Abu ɗaya zan hana ka da babbar murya: kada ka ci bashin manhajojin nan na waya don biyan albashi. Kuɗin ruwansu na halaka mutum, kuma an sha ganin masu tura wa duk wanda ke cikin wayarka saƙon cin mutunci in ka makara. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Haka nan kada wani ya miƙo maka ƙwayar barci ko tiramol ya ce za ta taimaka.

Sai maganar jikinka, kuma a nan ba na so ka yi mini gardama. Bugun ƙirjin nan, ka je a auna jininka a makon nan, ko a kemis ne, in ya hau ka ga likita. Sannan ka lura da kanka da gaskiya. In baƙin cikin yana zuwa da mummunan labari yana tafiya da mai daɗi, wannan halin sana'a ne, abin da na faɗa a sama zai rage shi. Amma in ya zauna mako biyu ko fiye ba ya ɗagawa ko da an biya ku, abinci ya fita ranka, wasa da 'yarka ya daina yi maka daɗi, to ya zama ciwon damuwa, kuma ciwo ne da ake magani kamar kowane ciwo. Haka in ranakun murnar suna zuwa da kwana biyu ko uku ba barci kuma ba gajiya, da surutu ba tsayawa, da kashe kuɗi ko ɗaukar alkawuran da daga baya kake mamakin kanka, wannan ma likita ya kamata ya ji. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, akwai sashen masu wannan aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, da ke Idi-Araba. Na san abin da mutanen garin nan ke nufi in sun ce a kai wane Yaba, kuma na san tsoron kada a gan ka a ƙofar. Mafi yawan masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su koma wajen aikinsu. In kuwa ya taɓa ɗarsuwa a ranka cewa gara ba ka raye, ko iyalinka za su fi hutawa in ba ka, kada ka kwana da wannan kai kaɗai. Ka tashi matarka a daren, ko ka kira ɗan'uwa, ku tafi asibiti mafi kusa. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767.

In ranar da kuka sa ta zo lissafi ya ce a rufe, ka rufe, ka sallami yaranka da haƙƙinsu, ka koma aiki da sanin hanyar Kano zuwa Ikko da babu wanda ya koya maka a banki. In ya ce a ci gaba, ka ci gaba da mutum uku a bayanka da suka san gaskiya. Ka sake rubuto mini bayan ka je wajen Hajiya, ina so in ji abin da ta ce, da abin da awon jinin ya nuna. Ka gaishe mini da mai ɗakinka, ka shafa mini kan yarinya.

Kawunka